Ɗan Hakin Da Na Raina

Mu da muka tashi a ƙauye ba mu ɗauki safa a cikin kayan da ɗan Adam yake bukata ba. A zamanin ƙuruciyarmu mutum uku kaɗai muke gani da ita, watau ɗan sanda, da ɗan ƙwallo, da kuma malamin makaranta ranar da mai duba makarantu zai zo. Iyayenmu kuwa takalmin fata suke sawa su tafi gona su dawo, idan hunturu ya kama ƙafa ta yi faso, a shafa man kaɗe a kwanta. Ni kaina ban taɓa zura ƙafata a cikin safa ba sai da na shiga makarantar kwana, aka ba kowane ɗalibi farare ƙafa biyu, aka ce duk wanda ya zo taron safe babu su zai sha bulala. Saboda haka tun farko na ɗauke ta a kan wata dokar boko ce, wadda mutum yake bi don dole, ya tuɓe da zarar ya koma gida.

Haka na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, ban taɓa tsayawa na zaɓi safa ba. Duk wadda mai talla ya miƙo mini, in dai baƙa ce kuma kuɗinta bai yi yawa ba, sai in karɓa in jefa a aljihu. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan 'yar aba da na raina ta kusa raba ni da yatsana, watakila ma da ƙafar ɗungum, shi ya sa na ga ya wajaba in ba masu karatu labari, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Shekara 11 ke nan da likita ya tabbatar mini cewa ina da ciwon sukari. Na karɓi magani, na rage tuwo, na rabu da shayi mai sukari, sai na ɗauka iyakar abin ke nan. Bayan wasu shekaru na fara jin wani irin zafi a tafin ƙafa idan dare ya yi, kamar an zuba mini barkono, wani lokaci kuma kamar ana tsira mini allurai. Daga bisani zafin ya ragu, ƙafar ta koma kamar ina tafiya a kan auduga. Maimakon in damu sai na yi hamdala, ina cewa sauƙi ya samu, alhali kuwa a daidai nan ne abin ya fara ɓaci.

Wanda ya san Jos ya san sanyinta a watan Disamba. A hunturun bara waccan na shiga kasuwa na sayi safar gwanjo ƙafa uku, baƙaƙe masu kauri irin na sojoji, robarsu tana kama ƙwauri tamau. Na ji daɗinsu ƙwarai. Da su nake yini, da su nake kwana, ba na tuɓewa sai wajen alwala, ita ma alwalar a gurguje nake yi saboda sanyi, in mayar da safar tun ƙafa ba ta bushe ba. Ga shi ido ya yi rauni, ga tumbi ya hana sunkuyawa, ban tuna rabon da in dubi yatsun ƙafata da kyau ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ina zaure ina sauraron rediyo, sai uwargida ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tsugune gaban bahon wanki, tana riƙe da warin safa ɗaya.

Ta ce, "Malam, ka ji ciwo ne a ƙafa?"

Na ce, "Wane irin ciwo kuma? Lafiyata lau."

Ta nuna mini ruwan wankin, na ga ya yi ja. Na ce ai rini ne yake zuba. Ta ce, "Haba Malam, baƙar safa ce za ta zubar da jan rini? Ga wurin nan ma ya sandare. Don Allah zauna in duba."

Na zauna a kan turmi ta tuɓe mini safar da ke ƙafata. A gefen ƙaramin yatsan hagu sai ga miki kamar girman ƙwayar gyaɗa, bakinsa ya yi fari, ya fara ruwa. Ta sa yatsa ta danna wurin tana kallon fuskata, ta ce, "Ka ji zafi?" Wallahi ban ji komai ba. Ganin mikin bai tsorata ni kamar wannan rashin jin ba.

Ranar Litinin da sassafe muka tafi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, sa'ar 'yata ta biyu, ta ɗauko wani ɗan siririn zare mai kama da gashin wutsiyar doki, wanda aka yi shi domin ya lanƙwashe idan ya danna fata da nauyin giram 10. Ta ce, "Baba, rufe idonka, duk inda ka ji na taɓa sai ka ce e." Na rufe ido ina ta jira ta fara, har na gaji na ce, "'Yata, fara mana." Sai ta ce, "Ai na gama, Baba." Sa'an nan ta karɓi safar da na zo da ita, ta juya ta baibai, ta nuna mini wani ɗinki mai kauri kamar igiya da ya ratsa wurin yatsu, ƙarshensa ya yi ƙulli daidai inda ƙaramin yatsa yake zama. Ta ce, "Ga ɓarawon nan."

Likita ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun tuni. Sukari idan ya daɗe yana hawa a cikin jini yana lalata jijiyoyin da suke kai labarin zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma yakan fara ne da waɗanda suka fi tsawo, watau na yatsun ƙafa. Har ila yau yana ƙuntata hanyoyin jini, saboda haka miki ba ya samun isasshen jinin da zai warkar da shi da wuri. Daɗin daɗawa fatar ƙafa takan bushe ta yi ta tsagewa. To, mai lafiya idan ɗinki ya dame shi zai ji, ya gyara safar ko ya tuɓe ta. Ni kuwa ƙullin nan ya yi ta gugar wuri guda, ya yi bororo, bororon ya fashe, ya zama miki, baƙar safa ta shanye jinin ta ɓoye, duk ban sani ba. Mako 7 na yi ina zuwa wankin miki kafin ya rufe.

A cikin makonnin nan na yi ta tunawa da wani aminina da muka yi aiki tare. Shi ma mai ciwon sukari ne. Wani dare na hunturu ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai da iyalinsa suka ji ƙauri. Ƙunar ba ta warke ba, ƙarshenta sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na je na duba shi, na yi masa addu'a, na dawo gida ban ɗauki darasin komai ba. An ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma ni sai da abin ya ƙwanƙwasa ƙofata.

Bahaushe ya ce jiki magayi. Wani likita ɗan Ingila, Dokta Paul Brand, ya tabbatar da zurfin wannan magana ta hanyar aikinsa. Ya fara aiki a asibitin Vellore da ke kudancin Indiya a shekarar 1946, a tsakanin masu fama da kuturta. A lokacin galibin mutane sun ɗauka cutar ce da kanta take cinye yatsu. Shi kuwa ya bi marasa lafiyarsa ya lura da su dare da rana, ya gane cewa abin da cutar take yi shi ne kashe jin zafi, sa'an nan ƙuna da yanka da gugar takalmi, har da cizon ɓera da dare, su ne suke cinye yatsun kaɗan kaɗan. Da ya koma garin Carville na Amurka a 1966, sai aka yi amfani da wannan ilmi wajen kula da ƙafafun masu ciwon sukari. Ashe zafin da muke kuka da shi mai gadi ne Allah ya ba mu. Wanda mai gadinsa ya yi barci kuwa, tilas ya nemi wani ya tsaya a ƙofa, kuma a wurina ido da safa su ne suka karɓi wannan aiki.

Da na warke sai na koma kasuwa, amma wannan karon da tabarau a idona. Na tsaya gaban wani saurayi mai tebur, na ɗauki safa na juya ta baibai, na bi ɗinkin da yatsa, na ja robar, na ajiye, na ɗauki wata. Da na yi haka sau shida sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, safa za ka saya ko doki?" Na ce, "Yaro, doki idan ya yi gardama sayar da shi ake yi a sayi wani. Ƙafa fa a wace kasuwa ake sayar da ita?" Da na ba shi labari sai ya yi shiru, ya ce mahaifiyarsa ma tana da ciwon, ya shiga taya ni juyawa.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ɗinkin yatsu. Dalilin wannan ɗinki kuwa yana ga yadda ake yin safar. Tun da wani Bature mai suna William Lee ya ƙago injin saƙa safa a Ingila a 1589 ake ta gyara sana'ar, kuma injunan zamani suna saƙa ta ne kamar bututu, bakin yatsu a buɗe, daga baya a rufe shi. A safa mai araha ana haɗa bakin ne da keke a bi ta kai, shi ya sa yake yin tudu. A mai kyau kuwa ana sarƙa zare da zare har wurin ya kwanta lumui, ko ka shafa da ƙyar za ka ji shi. Irin wannan ake nema. Wanda bai samu ba, ya sa wadda yake da ita baibai, tudun ya koma waje. Ba abin kunya ba ne, tun da a gida ake, kuma ni ma na yi watanni ina yin haka. Safar da ta huje kuwa, ko wadda aka yi wa faci, a yi haƙuri a mayar da ita tsumma, domin bakin huji da ƙullin faci aikinsu ɗaya ne da wancan ɗinki.

Na biyu shi ne robar sama. Alamar gane ta mai sauƙi ce. Idan ka tuɓe safa da yamma ka ga ta zana maka zobe a ƙwauri, to, ta matse da yawa, kuma ƙafar da jini yake isa gare ta da ƙyar ba ta bukatar wani shinge a hanya. A nemi wadda bakinta yake da faɗi, yana buɗewa cikin sauƙi, tana tsayawa ba tare da ta shaƙe ba. A nan ya kamata in ja kunne game da doguwar safar nan mai matsi da ake sayarwa a kantin magani domin masu kumburin ƙafa ko kumburin jijiya. Ita magani ce, tana da amfani ga wanda likita ya auna ya rubuta masa, amma ga wanda hanyoyin jininsa suka ƙuntace tana iya zama masifa. Kada a saye ta don an ga maƙwabci ya sa.

Na uku shi ne launi. Ni da na yi shekaru ban san wata safa ba sai baƙa, yanzu farare nake saye, ko masu ruwan toka mai haske. Fara takan nuna datti da wuri, uwargida ma ta yi ƙorafin wanki, amma wannan tonon asirin shi ne amfaninta. Ɗigon jini ko ruwan miki ba ya ɓuya a jikinta. Da fara ce a ƙafata a wancan hunturu, da tun ranar farko an gani.

Na huɗu shi ne zaren da aka saƙa ta da shi, kuma a nan ne na sha mamaki, domin da na ɗauka babu abin da ya kai auduga zalla. Lalle auduga tana da laushi kuma ba ta cika sa ƙaiƙayi ba, amma idan ta sha gumi takan riƙe shi, ta yi sanyi, ta saki, ta tattare a ƙarƙashin ƙafa. Damshi kuwa shi ke kawo cin ruwa a tsakanin yatsu, tattarewa kuma ita ke kawo bororo. Wadda ta fi dacewa ita ce aka gauraya auduga ko ulu mai laushi da zaren zamani mai fitar da gumi waje, da ɗan zaren roba kaɗan domin ta bi surar ƙafa. 'Yar shara-sharar nan mai sheƙi ta nailan zalla ba ta da amfani ga irinmu, ba ta kare ƙafa daga guga, ga ta da tara zafi. Sa'an nan kowa ya dubi garin da yake zaune. Mu na Jos da 'yan'uwanmu na Mambila muna bukatar mai ɗan kauri. Wanda yake Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, inda gumi ba ya bushewa, marar nauyi ta fi masa, ya kuma canza da zarar ya ji ta jiƙe. Na Sakkwato da Maiduguri kuwa sai su tanadi iri biyu, ta hunturu daban ta bazara daban.

Na biyar shi ne awo. Maganar da masu talla suke yi cewa safa ba ta da lamba, kowa tasa ce, ba gaskiya ba ce. Ƙarama tana tanƙwashe yatsu ta haɗa su wuri guda, babba kuma tana ninkewa a cikin takalmi. Dunduniyar safa ta zauna daidai kan dunduniyar ƙafa, yatsu kuma su sami wurin motsi. Akwai wata tsohuwar dabara ga wanda ba zai iya gwadawa a kasuwa ba. Ya dunƙule hannunsa, ya naɗa tafin safar a kai, idan dunduniya da bakin yatsu suka haɗu ba tare da ja ba, galibi za ta yi masa daidai.

Yanzu ƙafa 7 gare ni, kowace rana da tata, ba na maimaita ta jiya. Ana wanke su a juye, a ɗauraye sosai har sabulu ya fita, domin ragowar garin sabulu yana sa fata ƙaiƙayi, sa'an nan a shanya a rana su bushe ƙarau. Kafin in sa nakan zura hannu har ƙarshe in laluba, haka ma takalmi nakan kife shi in kakkaɓe, saboda tsakuwa ko ƙaya ko kunama. Ba na kuma yawo da safa zalla a cikin gida. Ba ta hana ƙusa shiga, ga shi a kan tayil tana da santsi, tsoho kuwa idan ya faɗi ya karya ƙugu wata jinyar ce ta daban. Saboda haka kullum da takalmi mai rufaffen gaba a kanta, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida ne. Idan sanyi ya yi tsanani da dare, sai in sa mai kauri marar matsi in ƙara bargo. Kaskon wuta da kwalbar ruwan zafi na yi ban kwana da su, ruwan wanka ma da gwiwar hannu nake gwada zafinsa.

Wani zai tambaya, yaya maganar alwala? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa ana shafa ne a kan huffi na fata, ko safar da aka lulluɓe samanta da ƙasanta da fata, ban da ta zare zalla, ko da yake akwai malaman wata mazhaba da suka yarda da shafa a kan mai kauri. Ni dai tuɓewa nake yi in wanke, kuma na ga alheri a cikin haka, domin alwala ta zame mini lokacin duba ƙafa. Na ajiye ƙaramin tawul da madubi kusa da buta. Idan na idar sai in tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, in ɗora madubin a ƙasa in dubi tafin ƙafa, inda idona bai kai ba in kira jikata ta duba mini. Da dare in shafa man kaɗe a dunduniya da tafin ƙafa, ban da tsakanin yatsu, domin nan bushewa ake so. Na kuma daina miƙa ƙafata ga masu yankan farce na kan hanya, na daina fiƙe kanta da reza. Abin da duk bai fi minti biyar ba a rana, shi ne da nake ganin ba ni da lokacinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta masu ciwon sukari ce kaɗai. Akwai tsofaffi da fatarsu ta yi laushi har ƙaramar guga tana ɗaye ta, akwai masu juna biyu da ƙafa take kumbura musu da yamma, akwai waɗanda rini ko roba ke sa wa ƙuraje. Duk waɗannan za su ji daɗin safa marar ɗinki, marar matsi, mai tsabta. Kada kuma a ɗauka safa magani ce. Ba ta saukar da sukari, ba ta farfaɗo da jijiyar da ta mutu. Shan magani a kan ƙa'ida, da kiyaye abinci, da barin taba, da kai ƙafa a duba a asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara, su ne ginshiƙai. Duk wanda ya ga miki, ko bororo, ko wurin da ya yi ja ko ya yi baƙi a ƙafarsa, kada ya tsaya shafe-shafe a gida yana jiran ya ji zafi, domin watakila zafin ba zai zo ba sai bayan an makara.

Kira na ƙarshe ga 'ya'ya da jikoki ne. Idan za ku kai wa tsofaffinku tsaraba, kuna tunawa da shadda da atamfa da turare, madalla. To, ku haɗa da farar safa mai laushi ƙafa uku ko huɗu, ku juya ta baibai ku shafa kafin ku biya. Idan kun isa gida kun gaisa, ku durƙusa ku ce, "Baba, kawo ƙafarka in gani," ko "Inna, bari in duba miki yatsunki." Za su yi gardama, kamar yadda na yi a gaban bahon wanki, amma ku daure ku duba.

Shekaran jiya na je gai da aminin nan nawa, na tarar da shi a ƙofar gida a kan kekensa. Na kai masa irin safar da nake sawa. Ya karɓa ya jujjuya, ya yi murmushi ya ce ai shi yanzu ƙafa ɗaya ta safa kwana biyu take yi masa. Muka yi dariya, sa'an nan muka yi shiru. Daga nan ya kira ƙaramin ɗansa ya ce ya zo ya tuɓe masa tsohuwar, ya duba ƙafar da kyau kafin ya sa masa sabuwar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya bar mu da ƙafafunmu har zuwa ranar da za a ɗauke mu, amin.